Yadda Ake Yi Idan Mai Shago Ya Ƙi Karɓar Kayan Da Ka Tura Masa, Ko Ya Dawo Da Su Bayan Ciniki Ya Faɗa

Kiran da ɗan sari ya fi tsana shi ne na direba, wajen la'asar: "Maigida, mun iso fa, amma mutumin naka ya ce ba za a sauke ba." Na sha amsa irin wannan kira a shekarun da na yi ina tura kayan masarufi daga Kasuwar Singa ta Kano zuwa ga masu shaguna a Gusau, Azare, Potiskum, wani lokaci har Maraɗi. Ranar da abin ya fara faruwa da ni, zuciya ta ɗebe ni na ce wa direba ya juyo da kayana. Taliya ce katan 120 da man girki jarka 30. Na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na biya 'yan dako lodi da saukewa, katan bakwai suka yage, jarka ɗaya ta tsiyaye ta ɓata na ƙarƙashinta. Sai bayan mako guda na ji ainihin dalilin mutumin: farashin taliya ne ya ɗan sauka tsakanin ranar da muka yi ciniki da ranar da mota ta isa. Da na tsaya na saurare shi na yi masa ragi kaɗan, da asarar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na wadda na yi ba.

Sayarwa ɗan kasuwa ba ɗaya take da sayarwa mai sayen ƙwaya ɗaya ba. Kayan da yawa ne, galibi akwai bashi a tsakani, mota ta yi nisa, kuma mutumin da ya ɓata maka rai yau kana bukatarsa wata mai zuwa. Ga yadda nake bi da lamarin yanzu.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin rasit mai kwafi uku: ɗaya na mai saye, ɗaya ya bi direba ya dawo da sa hannu, ɗaya ya zauna a shago. Takardar rakiyar kaya, wadda 'yan tasha ke kira wayabil, mai ɗauke da lambar mota, sunan direba, yawan kaya da ranar lodi. Waya mai kyamara da WhatsApp. Maka, wato alƙalamin rubutu a jikin kwali, mai tawadar da ba ta gogewa, ko hatimin shagonka. Sikeli, in kana sayar da abin buhu kamar sukari, fulawa ko shinkafa. Littafi na musamman na kayan da suka dawo, wanda ba ka haɗa shi da littafin ciniki ba. Lungu guda a sito da ka ware wa kayan dawowa kaɗai, ko da layi ne ka ja da alli a ƙasa.

Abu na ƙarshe ba a kanti ake saye ba, kuma ya fi sauran amfani: a kowane gari da kake tura kaya, ka mallaki lambar 'yan kasuwa biyu ko uku banda wanda kake hulɗa da shi, da mutum ɗaya mai sito da ka amince da shi. In ba ka da kowa a garin, tambayi direbobin layin ko ɗan kamashon tasha, sun san wanda ke sayen me.

Mataki na 1: Ɗaure cinikin tun kaya na sito

Rabin rigimar ƙin karɓar kaya a nan ake kashe ta. Bayan kun gama magana da mai saye ta waya ka ce "na sallama", kada ka tsaya nan. Rubuta masa saƙo: sunan kaya da kamfanin da ya yi su, girman, yawan katan, farashin kowane ɗaya, wa zai biya mota, ranar lodi, da ranar biyan ciko. Ka jira ya amsa da "na yarda". In mutumin ba ya karatu, yi masa saƙon murya ka lissafa komai, shi ma ya amsa da murya. Kada ka ji kunyar wannan ko da tsohon abokin cinikin mahaifinka ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne.

A cikin saƙon ka sa sharuɗɗa uku, gajeru. Farashi na ranar ciniki ne, ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. Ƙorafin ƙaranci ko lalacewa a gaban direba ake yin sa, aibin da ba a iya gani sai an buɗe kuma cikin kwana uku. Ba a dawo da kaya sai da izininka.

Sannan kafin alƙalami. Ga sabon kwastoma, ni ba na lodi sai ya ba da abin da aƙalla zai ɗauki kuɗin mota zuwa da dawowa da dako. Wanda kuɗinsa ke hannunka ba ya saurin cewa a juya. Kuma ka tabbatar kuɗin sun shiga asusunka da gaske, hoton rasit ɗin tiransifa ba kuɗi ba ne.

Mataki na 2: Kafa shaida wajen lodi

Ƙirga kaya a gaban direba ko yaron mota, ya sa hannu a wayabil. Ɗauki bidiyon minti ɗaya: kayan a jere, lambar mota, da kusa-kusa kan katan biyu ko uku inda aka buga lambar rukuni (lambar da masana'anta ke sa wa kayan da aka yi tare) da ranar ƙarewar wa'adi. Sa alamarka da maka a gefen kowane katan, ko aƙalla kowane na biyar in suna da yawa. Buhuna kuma ka ɗora wasu a sikeli ka ɗauki hoto. Tura wa mai saye bidiyon tare da lambar direba kafin mota ta bar kasuwa.

Kuskuren da sababbi ke yi: canza kaya ba tare da sanarwa ba. Ya ce tumatirin gwangwani na kamfani kaza, babu shi, sai ka cike masa da wani kana cewa ai duk ɗaya ne. A wurinka ɗaya ne, a unguwar da yake sayarwa ba ɗaya ba ne. In ka yi haka ka ba shi hujjar ƙin kayan gaba ɗaya, har da waɗanda ba su da matsala.

Mataki na 3: Da direba ya kira, hana kowa motsi

Faɗa wa direba abu uku: kada ya sauke ko katan ɗaya, kada ya juyo, kada ya yi musu da mai shago. Ya ja gefe, ya rufe da tamfol, ya ɗauki hoton kayan a cikin mota da ƙofar shagon, ya rubuta lokacin da ya iso a bayan wayabil. Ka yi masa alƙawarin kuɗin jira tun a lokacin, ka faɗi adadin. Direba yana da wani lodi da ke jiransa, in ka bar shi cikin duhu zai jibge maka kaya a tasha ya kama gabansa, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

In kayanka na cikin lodin haɗaka ne, wato mota ɗaya ta ɗauko na mutane da yawa, direba ba zai jira ba. A nan ne mai siton da ka tanada zai yi rana. A sauke a wurinsa, a ƙirga, ya turo maka hoto, ku yi tsadar kwana. In babu shi, ofishin 'yan ƙungiyar tasha ya fi bakin titi, amma a rubuta a littafinsu, kada a bari da baki.

Sauke rabi a bar rabi ba tare da an yi magana da kai ba, wannan kada ka yarda. Mai shago zai zaɓe abin da ke tafiya a kasuwa ya bar maka kwantai.

Mataki na 4: Nemo dalilin gaskiya

Ka sha ruwa, ka bar minti goma su wuce, sannan ka kira. Fara da gaisuwa kamar babu abin da ya faru. "Alhaji, an ce akwai 'yar matsala, me aka gani?" Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana har ya gaji.

Dalilin da ake fara faɗa da wuya ya zama shi ne na gaskiya. Abin da na fi cin karo da shi, bi da bi: farashi ya sauka kafin mota ta iso, kuɗin da yake sa ran samu bai shigo ba kuma yana jin nauyin faɗa, wani ɗan sarin ya riga ka kai masa a ƙasa da farashinka, mota ta makara har kasuwar ta wuce, musamman kayan azumi da na sallah, yaron shago ne ya yi odar ba da sanin maigida ba, sai kuma aibi na gaske, kamar jiƙewa, ƙaranci, wa'adi ya kusa ƙarewa, ko ba abin da ya ce ba ne aka kawo.

Akwai tambaya guda da ke rarrabe su. In ya ce kaya sun lalace, ka ce: "To Alhaji, a ware waɗanda suka lalace a gaban direba, ni zan ɗauki nauyinsu, a sauke sauran." Mai ƙorafin gaske zai ce to. Wanda matsalarsa kuɗi ce ko farashi zai kawo wani sabon dalili nan take. Da ka ji haka, kada ka kunyata shi. Ka buɗe masa ƙofa da kanka: "Ko dai kasuwar ce ta ɗan juya?" Sau da yawa a nan za ka ji ajiyar zuciya, sannan maganar gaskiya ta fito.

Mataki na 5: Tsayar da mai laifi

In laifinka ne, wato ka tura abin da ba a ce ba, ko ƙasa da adadi, ko mai aibi, ko ka saɓa ranar da kuka yi sharaɗi a kanta, ka amsa da wuri. Mai saye yana da haƙƙin mayar da abu mai aibin da bai sani ba lokacin ciniki, a shari'a da kuma al'adar kasuwa. Ja-in-ja a nan ɓata suna ne kawai.

In a hanya aka samu matsala, ruwa ya shiga ko kaya sun yi ƙasa da abin da direba ya sa wa hannu, maganarka da mai mota ce. Bidiyon lodi da wayabil su ne hujjarka. Kada ka bar mai saye yana jira har ku gama da mai mota: ka sallame shi, ka bi haƙƙinka daban.

In kuwa kaya lafiya lau suke kuma shi ne ya canza ra'ayi, ciniki ya riga ya faɗa. Warware ciniki da yardar juna malamai na kiransa iƙala, kuma an kwaɗaitar da mai sayarwa ya yi wa wanda ya yi nadama wannan alheri. Amma alheri ne, ba tilas ba, kuma kuɗin mota da dako da aka kashe saboda odarsa ba kai ya kamata ka ɗauka ba. Ka faɗi wannan da murya mai sanyi, sau ɗaya ya isa.

Mataki na 6: Yi lissafi kafin ka yanke

Ɗauki biro. Rubuta abin da juyo da kayan zai ci: kuɗin mota na dawowa, dakon saukewa, abin da ka saba gani yana lalacewa a tafiya ta biyu, kwanakin da kuɗinka za su kwanta, da faɗuwar farashi in kasuwa na sauka. Wannan jimlar ita ce iyakarka. Duk mafitar da ta ci ƙasa da ita ta fi juyowa.

A ce, don misali kawai, kayan na naira miliyan 3 ne, dawowa da dako da lalacewa za su ci dubu 220. Mai shago yana neman ragin dubu 150. In ka tsaya a kan dubu 90 ya karɓa, ka tsira da dubu 130 da kuma kwastoma. Zuciya za ta ce maka ai ya raina ka. Biro ba ya jin raini.

Hanyoyin da nake bi, daga wadda na fi so:

Ƙarin lokaci maimakon ragi. In matsalarsa kuɗi ce, a sauke, ya ba da abin da ke hannunsa, a rubuta ranar ciko. Wannan ga wanda ka sani ne kuma bai taɓa cin maka kuɗi ba.

Raba faɗuwar farashi. Ka ɗauki rabi ya ɗauki rabi, da sharaɗin biya nan take. Ragi da bashi ba sa haɗuwa a ciniki ɗaya, ya zaɓi guda.

Ya ɗauki wani kaso, ka sayar da sauran a garin. Kai ne za ka tsara kason, mai tafiya a kasuwa da mai nauyin fita a haɗe.

Karkatar da kayan gaba ɗaya ga wani ɗan kasuwa a garin ko garin da ke kan hanya. Kada ka ce masa an ƙi kayan ne kana neman mai ceto, zai taya da wulaƙanci. Ka ce kana da mota a garin da kaya kaza, in yana so a sauke masa yau ba kuɗin mota. In ya tambayi dalili ka gaya masa gaskiya, ba a gina ciniki a kan ƙarya, amma ba dole ka fara da kuka ba.

Juyowa ita ce ta ƙarshe. In ta zama dole, nemi motar da za ta dawo Kano ba lodi, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kayan da suka riga suka tsallaka iyaka kuwa, kamar ta Jibiya zuwa Maraɗi, ni ban taɓa ganin ribar dawo da su ba. Ga shingaye, ga takardu, ga canjin sefa da naira da ke motsi. A sayar da su can ko da a uwar kuɗi ne.

Duk abin da kuka tsayar, rubuta shi a saƙo kafin a taɓa katan ɗaya, ya amsa.

Mataki na 7: Kayan da aka dawo da su bayan an karɓa

Wannan ya fi ciwo. Sati uku da sauke kaya, kana zaune sai ga a-kori-kura a ƙofar sito da katan 25 na madara, yaro ya miƙo takarda: "Alhaji ya ce a cire a cikin bashinsa." Abin da ya faru a fili yake, kayan sun yi masa kwantai yana so ya mayar da sitonka wurin ajiyar asararsa.

Kada 'yan dakonka su shigar da su cikin kaya. Da zarar sun haɗu da naka, ka karɓa ke nan. In mai motar ba zai jira ba, a ajiye a lungun da ka ware, ka rubuta a takardarsa: "An ajiye amana don dubawa, ba a karɓa ba," da kwanan wata da adadi, ka ɗauki hoto ka tura wa mai shagon da ya aiko su a take. Ka gaya wa yaranka wannan doka tun yau, domin irin wannan mota ta fi zuwa lokacin da ka tafi masallaci.

Mataki na 8: Duba su ɗaya bayan ɗaya

Nan ne alamar maka da bidiyon lodi ke biyan wahalarsu. Duba ko alamarka na jiki. Gwada lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi da na bidiyonka. An taɓa dawo mini da sabulun wanki katan 18, sai na tarar shida kaɗai ne nawa, sauran tsofaffi ne da mai shagon ya saya a wani wuri tun bara. Ban yi faɗa ba, hoton lambobin kawai na tura masa gefe da gefe, da yamma ya aiko aka kwashe.

Juya kowane katan ka duba gindinsa, can ne ruwa da ɓera ke fara ɓarna. Duba salatif, in an buɗe an sake liƙewa za ka ga layi biyu ko launi daban, to a buɗe a ƙirga. Gwangwani ka duba kumburi da tsatsa, jarka ka duba murfi, buhu ka ɗora a sikeli ka duba ɗinkin baki. Shinshina ma: taliya ko fulawar da ta kwana kusa da sabulu ko kananzir ta ɗauki wari, ba mai saye.

Ka kasa su uku: lafiyayyu da za su koma kasuwa da cikakken farashi, masu rauni a kwali da sai an yi ragi, da waɗanda ba su sayuwa. Abin ci ko sha da wa'adinsa ya ƙare, ko gwangwanin da ya kumbura, ba ya komawa kasuwa ko da kyauta. Kada wani ya rinjaye ka a goge kwanan wata ko a canza kwali. Haƙƙin mutane ne, kuma irin abin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ke rufe shago a kansa ke nan. In kai dila ne na kamfani, tuntuɓi wakilinsu da lambar rukunin, wasu kamfanonin suna karɓar abin da aibinsa daga masana'anta yake.

Mataki na 9: Rufe lissafi a rubuce

In ka yarda ka karɓa, farashin da za ka karɓa a kai sai an yi magana. Lafiyayyu waɗanda aka dawo da su cikin lokaci, farashin da ya saya. Waɗanda suka daɗe har kasuwa ta sauka, ko wa'adinsu ya matso, sabon ciniki ne: kai ne mai saye yanzu, ka taya yadda za ka iya fitar da su. Marasa sayuwa nasa ne, ka ba shi kwanaki ya aiko a ɗauka.

Rubuta takardar ragi: lambar rasit na asali, abin da aka dawo da shi, abin da ka karɓa da farashinsa, abin da aka cire na mota da dako, da sabon adadin bashin. Kada ka goge ko ka yage tsohon rasit, sabuwar takarda ce ke gyara shi. Na fi son barin kuɗin a matsayin ajiya da za a cire a odarsa ta gaba maimakon mayar da tsaba, amma in ya nemi kuɗinsa kuma haƙƙinsa ne, ba shi. Mayar da kuɗi kuma ta asusun da ya turo ake yi, ba ta hannun yaro ko direba ba.

Mataki na 10: In magana ta ƙi

Fara da wanda ya haɗa ku, dillali ne ko ɗan uwa. In bai iya ba, shugabannin ƙungiyar kasuwarsa, domin ɗan kasuwa ya fi jin kunyar mutanen layinsu fiye da takardar lauya. Je da saƙonnin, wayabil, bidiyo da lissafinka a takarda ɗaya. Wanda ya zo da takarda ana saurarensa fiye da wanda ya zo da rantsuwa. In sulhu ya gagara sai kotu, kuma a Kano akwai kotunan ƙananan basussuka da aka kafa don irin wannan. Kada ka kai maganar bashi ofishin 'yan sanda don a tsorata shi, ba hurumin su ba ne, kuma ka rufe ƙofar sulhu. Kada kuma ka riƙe wasu kayansa da suka biyo ta hannunka a madadin kuɗinka ba da yardarsa ba, sai mai gaskiya ya koma mai laifi.

Mataki na 11: Odarsa ta gaba

Buɗe littafin kayan dawowa duk ƙarshen wata ka karanta. In suna ɗaya ya fito sau biyu ba tare da aibi na gaske ba, ba sai ka kore shi ba, sauya masa tsari: kuɗi gaba ɗaya kafin lodi, ko ya turo motarsa ya ɗauka a ƙofar sito, yaronsa ya ƙirga ya sa hannu a nan. In kuwa kaya iri ɗaya ne ke ta dawowa daga mutane daban-daban, matsalar ba tasu ba ce, ka duba inda kake saro su ko yadda sitonka ke ajiye su. In direba ɗaya ne kullum kayansa ke isa a jiƙe, hau motar da kanka ranar lodi, ka ɗaga tamfol ɗin sama ka duba ta inda rana ke shigowa.